Tsattsewa Ba Ta Cin Hatsi

Wanda ya fita ta Ƙofar Marusa da la'asar, ya nufi lambunan da ke bakin rafin Ginzo, zai ga waɗansu ƙananan tsuntsaye masu dogayen fukafukai suna shawagi ƙasa-ƙasa bisa fangalin latas da kabeji. Su ne tsattsewa. Nauyin guda bai fi giram 20 ba. Bakinta gajere ne mai faɗi, ba ya iya fasa ƙwaya, saboda haka abincinta duka a iska take kama shi, watau ƙuda da sauro da shinge da sauran ƙwari masu tashi.

Waɗansu irinsu 'yan gida ne, a nan suke sheƙa. Amma akwai wata mai jan maƙogwaro da wutsiya mai baki biyu wadda baƙuwa ce daga Turai. Takan ƙetaro Sahara da kaka, ta koma da bazara. An tabbatar da wannan tafiya ta hanyar sa musu zobe mai lamba a ƙafa. Wadda aka sa wa zobe a Ingila cikin Mayu 1911, an same ta a Natal ta Afirka ta Kudu cikin Disamba 1912.

Dalilin wannan bayani kuwa shi ne jan-baki. Shi ne mai saukowa dubbai bisa gero da dawa da shinkafa, ya bar manomi da kara. In ya yi ɓarna zuciya takan ɓaci, sai yara su ɗauki danƙo su bi kowane ƙaramin tsuntsu, da mai laifi da marar laifi. Maganin da ake fesa wa jan-baki shi ma ba ya zaɓe, duk tsuntsun da ya kwana a wurin yakan halaka.

Ƙasar Sin ta ɗanɗana wannan. A 1958 hukuma ta umarci jama'a su kashe gwara domin tana cin hatsi, aka manta da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Da ta ƙaranta sai fara da sauran ƙwari suka yi yawa a gonaki, har aka janye umarnin a 1960. To, gwara ma ke nan mai taɓa hatsi, balle tsattsewa.

Saboda haka ana so hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa. Malamin da zai rubuta rahoton ɓarnar tsuntsaye kuma kada ya rubuta "tsuntsaye" kawai. Ya tambayi mai gona ko bakinsu ja ne mai kauri, ko bisa zangarniya suke sauka, da inda suke kwana, gama da wannan ne ma'aikatan gona za su san wurin da ya kamata su nufa. In kuwa an tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, sai a kwafe lambar da rubutun da ke jiki daidai, a sa rana da sunan gari, a aika tare da rahoton.