Gaisuwar Da Muka Aika Kumasi

'Yan'uwa manoma, yau ba zancen taki ko na iri na kawo muku ba. Labarin wata kunya ce da na sha a gidanmu, na kuwa ga ya kamata in ba ku, gama akwai abin koyo a cikinta.

Kakata tana da ƙane wanda ya bar ƙauyenmu tun yana saurayi. Ya bi masu fataucin goro har Kumasi ta ƙasar Gana, ya zauna a Zango, ya yi aure, ya haifu. Rabonsa da gida ya fi shekara 30. Dā wasiƙa ce ke haɗa su, daga baya aka koma ɗaukar murya a kaset ana ba direbobi. Ko da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, abin bai yi wa tsofaffin nan amfani sosai ba, domin Kaka ba ta son magana da abin da ba shi da fuska.

A watan Janairu na 2024 ɗansa ya kira ni, ya ce za su yi wa tsohon bikin cika shekara 80, suna so mu aiko da gaisuwa ta bidiyo. Shi tsohon bai san ranar haihuwarsa ba, 'ya'yansa ne suka zaɓa masa. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Ranar Lahadin bikin, bayan an tashi sujada, na tara dangi a gindin mangwaro. Na ɗauka, na duba, sai ga fuskoki baƙi ƙirin, ashe na zaunar da su rana tana bayansu. Muka juya. Wannan karo fuska ta fito, amma iskar hunturu ta cinye muryoyin, ba a jin kome sai buu. Muka koma bayan rumbu inda iska ba ta kaiwa. Can kuma akuya ta fizge takardar da yara suka rubuta gaisuwarsu, ta tauna rabi. Da muka sāke shiri, waya ta ce ta cika, ba wuri. Hotunan gonakin masara na ƙungiyarmu ne suka cika ta. Kafin in gama sharewa, batir ya kusa mutuwa.

Kaka ta ce, "Kai maigidan nan, duk karatun da ka yi a kwalejin malamai, wannan 'yar aba ce ta gagare ka?"

A karo na ƙarshe kome ya tafi daidai. Kaka ta gyara ɗaurin kallabi ta yi gaisuwa mai kyau, mata suka yi waƙa, yara suka ɗaga hannu. Na sallami kowa. Sai da na zauna zan duba na gane abin da na yi. Ashe tun kafin mu shirya na riga na danna wurin ɗauka ban sani ba. Sa'ad da na danna da nufin farawa, kashewa na yi. Abin da ke cikin wayar minti uku ne na ƙasa da ƙafafun mutane, da ƙarar turmi, da kukan zabi, da muryar Kaka tana faɗa. A ciki har ta ce wa wata maƙwabciya, "Autan gidanmu ke nan. In bai zo bana ba, sai dai a nuna masa kabarina."

Mutane sun watse, waya ta mutu. Na kai ta caji, na hau dutsen bayan gari inda ake samun sabis. An ce za a nuna gaisuwar da ƙarfe 4, ga shi 4 ta wuce, na ɗauka na makara. Abin da ya cece ni shi ne agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya. Na aika abin da ke hannuna ta WhatsApp, tare da ba da haƙuri.

Da dare ɗan ya kira. Ashe idon tsohon ya yi rauni, ba ya gani sosai. Ya ce ya kara wayar a kunnensa, ya sa aka maimaita masa sau da yawa. Ya gane muryar yayarsa, ya ce faɗanta bai sāke ba. Da aka kai maganar kabari kuwa sai ya yi shiru. A Kirsimeti na shekarar nan ya zo gida, ya yi mako biyu.

Ban ce ku yi irin kuskurena ba, gama ba kullum ake dacewa haka ba. Ga abin da na koya:

1. Ka cika batir, ka share abin da ba ka bukata tun da dare.
2. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka, ba a bayan waɗanda ake ɗauka ba.
3. Ka nemi wurin da iska ba ta bugawa, ka matso kusa da mai magana.
4. Ka ga lambobin lokaci suna tafiya kafin ka ce a fara.
5. Ka duba abin da ka ɗauka kafin mutane su watse.
6. Ka taƙaita. Gajeren bidiyo ya fi saurin tafiya, ya fi kuma arahar data.

Waɗannan ba don biki kaɗai ba ne. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta bayyana a Nijeriya a 2016, manoma sukan aiko mini da hoton ɓarna, amma sau da dama ba na iya gane kome. Ku matso kusa da ganyen, ku buɗe tsakiyar shukar inda tsutsar ke ɓuya, ku faɗi makon da kuka yi shuka.

Wanda kuma yake da tsoho a nesa, kada ya jira sai an yi biki. Ya aika masa da muryar gida, ko da kukan zabi a ciki.