Man Rosmari da Lalacewar Kitsen Kifi

Duk wanda ya san bandar kifi a kasuwannin Yelwa da Wara ya san cewa tarwaɗa idan ta daɗe a ajiye takan canza wari, ta yi ɗaci, ko da ƙwari ba su taɓa ta ba. Iskar oksijin ce ke yin wannan ɓarna. Kitsen kifi yana da gaɓoɓi masu rauni, oksijin kuwa yakan kama su, sai a sami wasu ɓurɓushin sinadarai marasa natsuwa. Kowanne yakan fizgi ƙwayar haidirojin daga kitsen da ke kusa da shi, shi ma ya lalace ya fizgi ta na gaba. Zafin gaɓar tafkin Kainji yana ƙara wa abin sauri.

Rosmari tsiro ne na ƙasashen Bahar Rum, dangin na'ana'a da daɗɗoya. Ana turara ganyensa da tururi, a sanyaya, sai mai ƙamshi ya taso bisa ruwa. Manyan sinadaransa su ne siniyol da kafur da finin, amma yawan kowanne ya danganta da ƙasa: na Maroko da Tunisiya ya fi siniyol, na Sifen ya fi kafur.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sinadaran da suka fi kare kitse, wato asid karnosik da asid rosmarinik, wanda masana biyu suka ware a Italiya a 1958, ba sa bin tururi. A cikin ganyen suke zama, sai an jiƙa shi a sinadarin narkarwa kamar itanol. Aikinsu shi ne su miƙa haidirojin ɗinsu ga ɓurɓushin, sai sarƙar ɓarnar ta tsinke. Wannan tatsattsen ganye ne Tarayyar Turai ta amince a sa a abinci a 2010, da lamba E392. Man ƙamshin yana da ɗan tasiri, amma bai kai shi ba, kuma ba abin sha ba ne, domin kafur yana iya jawo wa yara jijjiga.

A ganina ɗalibanmu su fara da abin da ke hannu. Kanumfari yana ɗauke da yujinol, mai aiki irin wannan. A zuba man gyaɗa a buɗaɗɗun kwalabe biyu, a sa garin kanumfari a ɗaya, a ajiye su wuri ɗaya mai ɗumi, a riƙa sansanawa kowane mako ana rubutawa.