Ɓeran Kan Dutse da Ɓeran Rumbunmu

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyoyinmu na gama kai akan tambaye mu, me ya sa ɓera yake ƙaruwa haka da kaka, alhali da bazara da kyar a ga guda? Za mu ba da amsa ta wurin wani ɗan ɓera na ƙasar Turai.

A can kan duwatsun Alfus, tsakanin Faransa da Suwizalan da Italiya, akwai wani ƙaramin ɓera mai launin toka, yana zama cikin tsagar duwatsu. Ƙanƙara tana rufe wurin yawancin shekara, ciyawa kuwa ba ta samuwa sai 'yan watanni. Domin haka macen takan haihu sau ɗaya ko biyu kaɗai a shekara, cikinta kamar mako 3, 'ya'yan kuma 2 zuwa 4. Allah ya daidaita haihuwarta da abincin da ke wurin.

To, mu dubi namu. Ɓeran da ya fi ɓarna a gonaki da rumbunan Afirka shi ne wanda masana suke kira Mastomys, watau mai nono da yawa. In kun kama mace ku juya ta ku ƙirga: har kan nono 24 akan samu. Cikinta kwana 23 ne, takan zuba 'ya'ya 10 zuwa 12, tana kuma iya ɗaukar wani ciki da zarar ta haihu. 'Ya'yan, wata 3 sun isa haihuwa. Amma ita ma ba kowane lokaci take haihuwa ba. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, sa'an nan ta fara, ta yi ta yi har dawa da gero su nuna. A ce mace guda ta haihu sau 3, 'ya'ya 30 ke nan.

Nan ne muke kuskure. Mukan ɗauko tarko bayan an kai amfani gida, sa'ad da sun riga sun cika gari. Lokacin kamu shi ne bazara da farkon damina, gama mace ɗaya a lokacin ta fi ashirin da kaka. Mutum ɗaya kuma ba ya iyawa, na maƙwabci za su ƙetaro. Ƙungiya ta sa mako guda, kowa ya kafa tarko, a nome ciyawar gindin rumbu da ta kan iyakar gona.

Wannan ɓera kuma shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa cikin Jihar Borno ta yanzu, inda ya kama ma'aikatan jinya na mishan. Cutar tana cikin fitsarinsa da kashinsa. Wanda ya mutu a tarko kada a taɓa shi da hannu, kada kuma a bar yara su gasa; a haƙa rami a binne.