Yadda halin kowane ƙuda ke tsara zaman taron ƙudajen 'ya'yan itace

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masu sayar da ayaba da abarba a Agege, ko a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ya san ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke rufe 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Tsawonsu bai wuce milimita 3 ba. Ga mai kallo, taron nasu hargitsi ne kawai. Amma binciken masana ya nuna cewa taron yana da tsari, kuma tsarin yana fitowa ne daga halin kowane ƙuda da irin hulɗarsa da na kusa da shi.

Masana kimiyya na kiran wannan ƙuda Drosophila melanogaster, kuma asalinsa daga Afirka kudu da Sahara ne. Ya bambanta da ƙudan da ke huda mangwaro a gona, domin shi abin da ke janyo shi shi ne warin 'ya'yan itacen da suka fara tsami. Cikin kwana 10 ƙwansa kan zama cikakken ƙuda, abin da ya sa ya zama abokin aikin masu bincike tun zamanin Thomas Hunt Morgan na Jami'ar Columbia a Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a 1933.

Ba halinsu ɗaya ba

A 1980, Marla Sokolowski ta Kanada ta gano cewa tsutsotsin wannan ƙuda iri biyu ne wajen neman abinci: akwai masu yawo da nisa, akwai masu zama kusa da inda suka samu abin ci. Daga baya aka tabbatar cewa bambancin yana da tushe a ƙwayar gado. Haka kuma a Jami'ar Harvard an lura cewa namijin da aka kayar a faɗa ya fi saurin sake shan kaye a karo na gaba. Ke nan gado da abin da ƙuda ya taɓa fuskanta duk suna shiga cikin halinsa.

Daga hali zuwa tsari

A 2012, Jonathan Schneider da Michael Dickinson da Joel Levine suka riƙa zuba ƙudaje 12 a cikin ƙaramin faranti, kyamara na ɗaukar wanda ya kusanci wane. Da suka zana taswirar haɗuwar, sai suka ga ba bisa tsautsayi take faruwa ba. Wasu ƙudajen kan zama mahaɗa tsakanin sauran, kamar yadda dillali ke haɗa mai kaya da mai saye. Tsarin ya bambanta daga zuriya zuwa zuriya, kuma ya sauya a wajen ƙudajen da ba sa jin wari.

Binciken da aka wallafa a 2015 daga Jami'ar Lausanne ta Suwizalan ya ƙara fito da yadda abin ke aiki. An saki iskar kabon, wadda ƙudajen ke ƙyama, a gefe ɗaya na wurin gwaji. Ƙuda da ke shi kaɗai bai cika gudu ba, amma idan suna da yawa sai akasarinsu su bar wurin. Dalili shi ne, kaɗan daga cikinsu ne ke fara motsi, su taɓa ƙafafun na kusa, su ma su tashi su taɓa wasu. Babu shugaba, babu umarni. Taɓawa ce ke yaɗuwa har ta kwashe taron.

A birnin Lisbon na Fotugal kuwa, an gano a 2020 cewa ƙudan da ya ƙame don tsoro ya fi saurin sakin jiki idan ya ga na kewaye da shi sun ci gaba da motsi.

Taro ma yana sauya ɗaya

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A Faransa an nuna cewa macen da ba ta da wani zaɓi kan koyi inda za ta saka ƙwai daga waɗanda aka horar, bayan ta zauna tare da su. A 2021 kuma, masana a Jami'ar Rockefeller ta New York suka ba da rahoton cewa ƙudan da aka ware shi kaɗai tsawon mako guda yakan rage barci, ya ƙara cin abinci.

Abin da ya shafi jama'a

Ga mai sayar da 'ya'yan itace, darasin a fili yake. Ƙudajen da suka fara sauka kan ayabar da ta fashe kan bar wani sinadari wanda, haɗe da warin tsami, ke kiran 'yan uwansu. Saboda haka ware abin da ya lalace da wuri, da kwashe ɓawo daga ƙarƙashin tebur ko baro, ya fi korar ƙudaje bayan sun taru.

Ga masana lafiya, amfanin ya fi haka zurfi. Kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka san suna da alaƙa da cututtukan ɗan Adam suna da makamantansu a jikin wannan ƙuda, kuma a 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwarsa mai ƙwayoyin jijiya kimanin 140,000. Wannan ya ba da damar bin diddigin yadda kaɗaici ke taɓa barci da ci, da yadda saƙo ko cuta ke bi ta hannun 'yan tsirarun da suka fi kowa cuɗanya. A Najeriya ma ana amfani da ƙudan wajen bincike, musamman a Ibadan, inda Farfesa Amos Abolaji ya kafa cibiyar bincike da horarwa a kansa.

Sai dai ƙuda ba mutum ba ne: ba shi da al'ada, ko addini, ko doka. Abin da yake bayarwa shi ne ƙaramin misali da za a iya aunawa a faranti, na yadda motsin ɗaya ke zama makomar taro.