Yadda Kamfani Ke Mayar da Ayyukansa Kan Kwamfutocin Haya

LEGAS — Bankuna da kamfanonin ciniki da dama a Nijeriya sun kwashe wani sashe na ayyukansu daga ɗakunan kwamfuta na ofisoshinsu zuwa manyan cibiyoyin da ake haya ta intanet, tsarin da masana ke kira "gajimare". Cibiyoyin gine-gine ne cike da manyan kwamfutoci, da wutar lantarki da na'urorin sanyaya ɗaki dare da rana, inda mai haya ke biyan gwargwadon abin da ya yi amfani da shi, kamar mai biyan kuɗin mitar wuta.

Matakin farko shi ne zaɓen wurin da za a ajiye aikin. Kamfanin Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi baya a birnin Cape Town a 2020, sai Google a Johannesburg a 2024. A nan gida akwai Rack Centre a Legas, da cibiyoyin MainOne, kamfanin da Equinix na Amurka ya saye a kan Dala miliyan 320 a 2022. Nisan wuri na rage saurin aiki. Kazalika Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan jama'a zuwa ƙasashen waje.

Daga nan sai aza harsashi, wato a tanadi kwamfutocin da za su ɗauki aikin, da rumbun ajiyar bayanai, da hanyoyin sadarwa, a kuma fayyace wanda ke da izinin shiga. Injiniyoyi kan rubuta wannan tsari duka cikin fayil, sannan manhaja irin su Terraform ta gina shi bisa rubutun. Fa'idar hakan ita ce idan wani abu ya lalace, ana iya sake gina shi yadda yake cikin ɗan lokaci, ba tare da dogaro da abin da ma'aikaci guda ya haddace ba.

Ba a ɗora sabuwar manhaja kai tsaye inda abokan ciniki ke hulɗa. Ana fara gwada ta a keɓaɓɓen wuri, sannan a buɗe wa mutane kaɗan, a bar tsohuwar tana aiki domin a koma mata idan an samu tangarɗa.

Babban abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne kuɗi. Manyan kamfanonin waje da Dala suke yanka farashi, don haka bayan da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, ta faɗi daga kimanin 460 zuwa sama da 1,500 a kan Dala guda a farkon 2024, kuɗin hayar ya ninka wa masu samun kuɗin shiga da Naira. A Janairun 2025 Amazon ya sanar da fara karɓar biya da Naira. Bugu da ƙari, kwamfutar da aka kunna aka manta da ita, kuɗinta na ci gaba da hawa ko da ba ta yin aikin komai.

Sai batun layin sadarwa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse daura da gaɓar Côte d'Ivoire, lamarin da ya kawo cikas ga hada-hadar bankuna a Nijeriya. Saboda haka ne masana ke ba da shawarar mallakar layi fiye da ɗaya, tare da ajiye kwafin bayanai a wata cibiya dabam.

Game da tsaro kuwa, nauyin a rabe yake. Mai cibiya ne ke gadin gini da na'urori, amma kalmomin sirri da izinin shiga suna wuyan mai haya. Ya wajaba shugaban kamfani ya san, kafin ya sa hannu a kan kwangila, inda bayanansa za su kwana, da kuɗin da za a caje shi ranar da ya so kwashe su.