Wuni Ɗaya A Sawakin, Ƙofar Kakanninmu Zuwa Makka

Ɗan kasuwar Maiwurno ko Sinja, idan jiran kaya ya tsayar da kai a Bur Sudan, ka ware wuni ɗaya ka leƙa Sawakin, kimanin kilomita 60 kudu, a bakin Bahar Maliya. Ka yi sammako, hantsi ya same ka can. Ga soyayyen kifi, ga gahawar jabana, ga tsibiri mai gidajen dutsen murjani. Ta nan alhazanmu masu tafiyar ƙasa suka riƙa tsallakawa Jidda. Tun da Turawan Ingila suka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 kasuwa ta ƙaura, gidajen suka fara zubewa. Ka tambayi lafiyar hanya saboda yaƙin da ya ɓarke a 2023, sannan ka je ka gani tun da sauransu.