Ɗafa-goshin Trans-: Kalmomin Latin Masu Ma'anar Ƙetarewa

Ɗaya daga cikin matsalolin da ɗalibin sakandare yake fuskanta a ajin kimiyya ita ce ta kalmomi. Zai buɗe littafin nazarin halittu ya tarar da transpiration, ya koma na fiziks ya ci karo da transmission da transverse, malamin kemistiri kuma ya tare shi da transition. Abin da akasarin ɗalibai kan yi shi ne su haddace kowace kalma ita kaɗai, da zarar an fito daga jarrabawa kuwa sai haddar ta bi iska. Alhali waɗannan kalmomi 'yan gida ɗaya ne. Dukkansu daga harshen Latin suka fito, wato harshen Rumawan da, kuma kowace tana ɗauke da ɗafa-goshi guda, wato trans-.

Ɗafa-goshi ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin Hausa. Shi ne ɗafin da ake liƙa wa saiwar kalma daga farko don a sami sabuwar ma'ana, kamar ma- a cikin makaranta da masaƙa, ko ba- a cikin Bakano da Bazazzagi. Wanda ya san aikin ma- ba ya bukatar a gaya masa cewa marina wurin rini ne. To haka abin yake game da trans-. Ma'anarsa ta asali ita ce ƙetare ko tsallake, daga nan ne sauran ma'anoni suka yi rassa.

Tsallaken kogi da tsallaken dutse

A Latin trans kalma ce mai cin gashin kanta tun kafin ta zama ɗafi. Mutumin birnin Rum yakan ce trans Tiberim, yana nufin tsallaken kogin Tiber, har yau kuwa unguwar da ke wancan gefen kogin sunanta Trastevere. Kishiyar kalmar ita ce cis, wato gefen nan. Saboda haka Rumawa suka kasa ƙasar mutanen Gaul gida biyu: Gallia Cisalpina, wadda ke gefensu na duwatsun Alps a arewacin Italiya, da Gallia Transalpina, wadda sai an ƙetare duwatsun, a kudancin Faransa ta yau. Yankin Transylvania na ƙasar Romaniya ma'anar sunansa tsallaken daji. Ƙasar Jodan ta amsa sunan Transjordan har zuwa 1949. A Afirka ta Kudu an yi Transvaal, tsallaken kogin Vaal, an kuma yi Transkei da Ciskei a gefuna biyu na kogin Kei, dukkansu sun gushe daga taswira a 1994. Shi ma fataucin da ya haɗa Kano da Tarabulus ta Agadas da Gat da Gadamus, littattafan tarihi na Turanci da wannan ɗafi suke ambatonsa.

Abin lura a nan shi ne, tsallake ya danganta ne da inda mai magana yake tsaye. Mutumin da aka haifa a Transkei bai taɓa ganin kansa a tsallake ba, wanda ya raɗa wa ƙasarsa suna shi ne yake hango ta daga wancan gefe. Mu ma idan mun ce ƙasashen ƙetare, daga ƙofar gidanmu muke aunawa.

Masana kemistiri sun ari waɗannan kalmomi biyu, cis da trans, suka ba su aiki mai muhimmanci ƙwarai. Idan ƙwayoyin zarra biyu na kabon suka haɗu da ɗauri guda, suna iya juyawa yadda suka so. Idan ɗaurin ya zama biyu sai su ƙage, duk abin da ke maƙale da su ya tsaya inda yake. Idan abubuwa biyu masu kama da juna suka kasance gefe ɗaya na wannan ɗauri, sai a kira sinadarin cis. Idan ɗaya yana nan ɗaya yana tsallake, sai a kira shi trans. Mai karatu zai iya cewa wannan ai bambanci ne na zane a kan allo kawai. Bari mu duba man gyaɗa. Akwai sinadarin maiƙo a cikinsa mai yawa da ake kira asid na oleic, wanda yake da ƙwayoyin kabon 18 da haidurojin 34 da oksijin 2. Shi cis ne, don haka jerin kabon ɗinsa ya lanƙwashe a tsakiya kamar gwiwa. Yana da ɗan'uwa, asid na elaidic, mai adadin ƙwayoyi daidai da nasa, sai dai shi trans ne, jerinsa a miƙe yake. Miƙaƙƙen kara ya fi karkataccen itace daɗin ɗaurewa, saboda haka ƙwayoyin elaidic sukan jeru su matse juna su daskare. Oleic yana narkewa a wajen digiri 13 na ma'aunin Salshiyos, shi kuwa elaidic sai zafi ya kai wajen digiri 45, wato fiye da zafin jikin ɗan'adam. Irin wannan maiƙo na trans yakan samu ne idan masana'antu suka daskarar da man tsirrai da haidurojin, bincike kuma ya tabbatar yana haddasa ciwon zuciya. Ƙasar Denmak ce ta fara taƙaita shi da doka a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi kira a 2018 da a kawar da shi daga abinci.

Hatta ganin da mai karatu yake yi wa wannan shafi ya dogara ne a kan wannan bambanci. A tantanin da ke can ƙuryar ido akwai wani sinadari mai suna retinal, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A. A cikin duhu yana lanƙwashe a siffar cis. Da haske ya taɓa shi sai ya miƙe ya koma trans, wannan miƙewa ce take tayar da saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. George Wald na cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta 1967 saboda bayanin wannan al'amari.

Akwai kuma sinadaran da suka zarce yuraniyam, mai lamba 92, a jadawalin sinadarai. Su ake kira transuranium. Na farkonsu shi ne neptunium, mai lamba 93, wanda aka samar a 1940.

Idan trans- ya haɗu da aikatau

Mafi yawan kalmomin wannan gida daga aikatau suka fito. Ire a Latin shi ne tafi, transire kuwa ƙetare. Daga nan aka sami transit, kalmar da masana taurari ke amfani da ita idan tauraruwa ta gifta ta gaban rana. Zara, wadda Hausawa ke yi wa kirari da matar wata, ta yi irin wannan giftawa a 2004 da 2012, ba za ta sake ba sai 2117. Daga saiwar ne kuma masu nahawu suka sami transitive, wato aikatau wanda aikinsa ke ƙetarawa daga mai aikatawa ya faɗa kan wani abu, kamar a jimlar “Audu ya yanka rago”. Ɗalibin da ya karanta nahawun Larabci ya riga ya san wannan tunani, domin muta'addi ma'anarsa ke nan, mai ƙetarewa. Masu nahawun Hausa sun dubi abin ta wata fuska suka ce aikatau so-karɓau.

Ferre shi ne ɗauka. Aikatau ne mai sauya kama ƙwarai, siffarsa ta abin da aka ɗauka ita ce latus, kamar dai yadda jam'in akuya ya koma awaki. Sakamakon haka transfer da translate ta Turanci kalma ɗaya ce a asali, duka biyu ɗaukar abu ne a ƙetare da shi. A wurin masu Latin ke nan mai fassara ɗan dako ne, ko mai fito a bakin kogi, yana ɗaukar ma'ana daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kalmarmu ta fassara, wadda muka aro daga Larabci, bayyanawa take nufi, ni kuwa ina ganin ta fi kusa da ainihin aikin. Ɗaliban nazarin halittu sukan rikita transcription da translation, amma asalin kalmomin yana warware rikicin. Scribere shi ne rubuta, don haka transcription kwafi ne, ana kwafe saƙon DNA zuwa RNA cikin haruffa iri ɗaya ko kusa da haka. A translation harshen ne yake sauyawa ɗungurungum: kowaɗanne haruffa uku na RNA suna komawa asid na amino guda, daga cikin iri 20 da ake gina furotin da su.

Mittere shi ne aika, portare ɗauke kaya, waɗannan ba su da wuyar ganewa: tashar rediyo tana aika murya, sauro yana kai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga jiki zuwa jiki, kamar yadda Ronald Ross ya fara ganowa a 1897. Fundere kuwa zuba ruwa ne, transfundere shi ne juye ruwa daga tulu zuwa randa. Likitoci suka ɗauki kalmar suka ba ƙarin jini. Sunan ya sa aikin ya yi kama da abu mai sauƙi, amma jini ba ruwan randa ba ne. A 1667 Jean-Baptiste Denis ya zuba wa mutane jinin dabba a Faransa, ba a daɗe ba aka hana wannan aiki bayan wani ya mutu. Sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini, aka fahimci dalilin da ya sa jinin wani yake kashe wani. A wajen transplantare Latin da Hausa sun yi tarayya a tunani ba tare da ɗaya ya ara daga ɗaya ba. Kalmar ta manoma ce, cire shuka daga nan a kafa ta can, wato dashe. Yadda mai lambu yake dashen tumatir da albasa, haka muke cewa dashen ƙoda, wanda aka fara yin nasararsa a birnin Boston na Amurka a 1954 tsakanin wasu tagwaye, da dashen zuciya, wanda Christiaan Barnard ya fara yi a Afirka ta Kudu a watan Disamba na 1967.

Wani lokaci ma'anar takan koma ratsawa. Parere shi ne bayyana, lucere haskaka. Abin da yake transparent ana ganin siffar abin da ke bayansa, kamar gilashin taga. Abin da yake translucent haske ne kaɗai ke ratsa shi, kamar takardar da aka ƙunshe ƙosai a ciki, wannan tabon mai kuwa shi ne gwajin da ake yi a aji don gane maiƙo a cikin abinci. Spirare shi ne numfasa, transpiration ke nan fitar tururin ruwa ta ƙananan ƙofofin ganye. A lura cewa s guda ta faɗi a nan, domin trans- da spirare sun haɗu da s biyu. Haka ya faru a transcription.

Daga ƙetare wuri sai ma'anar ta kai ga ƙetare hali, wato sauyawa. Transformare shi ne sauya siffa, ita ce ta haifi taransifomar da ke bakin unguwa, wadda ke karɓar lantarki mai ƙarfin bolt 11,000 ta sauke shi zuwa abin da gidaje ke iya ɗauka. Babu wayar da ta haɗa naɗin da ke karɓa da naɗin da ke fitarwa, ta hanyar maganaɗisu ƙarfin yake ƙetarawa, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Taransista kuwa ba Barume ne ya san ta ba. An ƙirƙiro na'urar a ɗakin binciken kamfanin Bell a ƙarshen 1947, John Pierce ya haɗa mata suna a 1948 daga gutsattsarin kalmomin lantarki.

Inda ɗafin yake ɓuya

A gaban wasu baƙaƙe trans- yakan zubar da ns ya koma tra-, a nan ne idon ɗalibi yake wuce shi. Iacere shi ne jefa, traicere jefawa zuwa tsallake, daga nan aka sami trajectory, hanyar da dutse ko harsashi ke bi a cikin iska. Ducere shi ne jagoranta, traducere ƙetarar da mutum, ɗalibanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa sun san ta a traduire da traduction ta Faransanci, wato fassara. Ita ma très ta Faransanci, mai ma'anar ƙwarai, trans ce da ta sha jiki a bakin mutane har ta gajarce.

Mafi ban mamaki a cikinsu ita ce tradere, daga trans da dare, wato bayar. Ma'anarta miƙa abu ga hannun wani. Uba yana miƙa wa ɗansa al'ada, sai aka sami tradition. Mutum yana miƙa garinsu ga abokan gaba, sai aka sami traitor da treason, wato maci amana da cin amanar ƙasa. A lokacin da sarki Diocletian ya tsananta wa Kiristoci daga shekarar 303, waɗanda suka miƙa littattafansu ga hukuma an kira su traditores, rigimar da ta biyo baya kuwa ta raba majami'un Afirka ta Arewa fiye da shekara ɗari.

Sai dai malami ya ja kunnen ɗalibansa kada su ɗauka duk kalmar da ta fara da tra- ta wannan gida ce. Tarakta da tirela da train ta Turanci daga trahere suka fito, wato ja, babu ƙetarewa a cikinsu. Trade ta ciniki ma ba ta da alaƙa da tradere duk da kamar da suke yi, daga tsohon harshen arewacin Jamus ta shiga Turanci, inda take nufin turba ko sawun da aka bi.